Kyanwa Amana Ce: Wa Zai Kula da Ita Idan Mun Yi Tafiya?

1. Hutu ya zo

An ba da babban hutu. Mutanen gida za su tafi ƙauye gaida kaka. Uwa ta ɗaure kaya, uba ya samo mota. An kai akuya gidan kawu, an bar wa maƙwabta kaji. An rufe tagogi, an sa wa ƙofa kwado.

Sai da mota ta yi nisa, sannan autan gidan ya ce: "Baba, ina kyanwarmu? Wa zai ba ta abinci?"

Baba ya ce: "Ƙyale ta. Kyanwa ba ta kwana da yunwa. Ai ga ɓeraye nan, ta ci."

Yara, kun taɓa jin irin wannan magana? Mutane da yawa suna faɗinta. To, gaskiya ce? A wannan darasi za mu duba. Za mu ɗauki misalinmu daga wani birni mai nisa inda ake jin Hausa, kuma mutanensa matafiya ne. Sunan birnin Tamale.

2. Ina Tamale take?

Tamale tana arewacin ƙasar Gana. Ita ce babban birnin Jihar Arewa ta wannan ƙasa. Wanda ya taso daga Yamai a mota yana iya bi ta Wagadugu a Burkina Faso, ya tsallaka iyaka a Paga, ya wuce Bolgatanga, sannan ya shiga Tamale.

Ƙasar ta Dagwamba ce. Harshensu Dagbani, babban sarkinsu kuma yana zaune a garin Yendi. Amma idan ka shiga kasuwar Aboabo ko unguwar Zango, za ka ji Hausa. Yaya aka yi haka?

Tun zamanin da, fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da sauran garuruwan Hausa, suna zuwa Gwanja sayen goro. Babbar kasuwarsu tana Salaga, kudu da Tamale. A shekarar 1892 yaƙi ya tashi a Salaga, fatake da yawa suka watsu zuwa wasu garuruwa. A shekarar 1907 kuma Turawan Ingila suka mai da Tamale mazaunin mulkinsu na arewa. Gari ya bunƙasa, baƙi suka yi ta sauka. Inda suka sauka shi ake kira Zango har yau. Ko sunan abincin da aka fi ci a can, wato tuwon zafi, da Hausa yake.

Jikokin fatake ba su daina tafiya ba. Wani zai tafi Kumasi saro kaya, tafiyar kusan kilomita 380. Wani zai tafi Akara, babban birnin ƙasar, tafiyar kilomita 600 ko fiye. Wasu sukan tafi biki ko gaisuwar mutuwa. Wasu sukan tafi Yendi kallon bikin Damba. Yara sukan tafi hutu wajen kakanni. A shekarar 2016 kuma aka fara ɗaukar alhazai daga filin jirgin saman Tamale kai tsaye zuwa Saudiyya. Mai zuwa aikin hajji yakan yi wata guda ko fiye bai dawo ba.

Duk wanda ya yi irin wannan tafiya, in yana da kyanwa, sai ya amsa tambayar autan nan.

3. Me ya kawo kyanwa gidan mutum?

Kyanwa tana da sunaye da yawa a Hausa. Wasu suna cewa mage, wasu mussa, wasu kuliya. Namijinta shi ne muzuru.

Masana sun ce asalin kyanwar gida daga kyanwar daji ne. Kusan shekara 10,000 da suka wuce, mutanen Gabas ta Tsakiya suka fara noma suna ajiye hatsi. Hatsi ya jawo ɓeraye, ɓeraye suka jawo kyanwar daji. Manoma suka ga amfaninta, suka bar ta ta zauna. A tsibirin Saifurus an tono wani kabari mai shekara kusan 9,500, aka tarar an binne mutum da kyanwa kusa da shi. Kun ga zaman ya daɗe.

Har yau aikin nan take yi. A Tamale ana ajiye masara da shinkafa da gyaɗa da doya a gidaje da shaguna. Ɓera yana cin hatsi, yana huda buhu, yana ɓata sauran da kashinsa da fitsarinsa, yana kuma kawo cuta. Gidan da yake da kyanwa, ɓera ba ya sakewa a cikinsa.

Wanda ya yi maka aiki, yana da hakki a kanka. Kyanwa ta tsare mana rumbu shekara guda. Bai kamata mu manta da ita ranar da muka ɗaure kaya ba.

4. Kyanwa da gidanta

Kafin mu san yadda za mu bar kyanwa, sai mun san halinta.

Kare yana bin ubangijinsa duk inda ya tafi. Kyanwa kuwa wuri take riƙewa. Ta san kowane lungu na gidanta. Ta san inda inuwa take da rana tsaka, ta san inda za ta ɓuya in kare ya biyo ta, ta san katangar da take hawa.

Kun taɓa ganin kyanwa tana goga kumatunta a jikin ƙofa ko a ƙafar kujera? Ba ƙaiƙayi take ji ba. Wani ƙamshi take shafawa, wanda hancinmu ba ya ji. Da wannan ƙamshi take gane gidanta, hankalinta ya kwanta. Idan aka kai ta baƙon wuri inda babu ƙamshinta, sai tsoro ya kama ta. Takan ɓuya, ta ƙi cin abinci. Wani lokaci ta tsere, ta kama hanyar tsohon gida. A gari irin Tamale, mai yawan babura da motoci, ba kowace ce take isa ba.

Saboda haka, abin da ya fi wa kyanwa daɗi shi ne a bar ta a gidanta, a samo wanda zai riƙa duba ta.

5. Ɓera kaɗai ba ya isa

Yanzu mu koma ga maganar Baba. Gaskiya ne kyanwa tana kama ɓera. Amma akwai abu huɗu da Baba bai tuna ba.

Na farko, ba kullum farauta take yin kyau ba. Kyanwa takan yi dako sau da yawa ta tashi hannu banza. Ɓera kuma ƙarami ne. Babbar kyanwa tana bukatar da yawa a yini guda kafin ta ƙoshi.

Na biyu, idan mutane sun tafi, ba a girki, ba a zubar da sauran tuwo. Ɓeraye sukan koma gidan da ake hura wuta.

Na uku, ba kowace kyanwa ce ta iya farauta ba. Ƴar ƙarama ba ta koya ba tukuna, tsohuwa ƙarfinta ya ragu, mai ciki jikinta ya yi nauyi.

Na huɗu shi ne ruwa. Da damina, wato daga wajen watan Mayu zuwa Oktoba, kyanwar Tamale tana iya samun ruwa a kasko ko a kwata, ko da yake ba mai tsabta ba ne. Amma da rani fa? Daga Disamba iskar hunturu tana busar da kome. A watan Maris zafi yakan kai digiri 40. Kwanon ruwan da aka bari a rana, kafin a jima ya ƙafe. Ƙishirwa tana kashe dabba da sauri fiye da yunwa.

Akwai wani abu kuma da likitocin dabbobi suka sani. Idan kyanwa ta yi kwanaki ba ta ci kome ba, hantarta tana iya kamuwa da ciwo mai tsanani, musamman in tana da ƙiba. Ko an ba ta abinci daga baya, sai da magani take tashi.

Mafi muni shi ne a kulle ta cikin ɗaki. Malaman addinin Musulunci suna karantar da labarin wata mace da ta gamu da azaba saboda kyanwa. Ta tsare ta, ba ta ba ta abinci ba, ba ta kuma sake ta ta nema da kanta ba, har ta mutu. Labarin yana cikin littattafan hadisi na Buhari da Muslim. Akwai kuma sahabin da aka fi sani da laƙabin Abu Huraira, ma'anarsa mai ƴar kyanwa, saboda wata ƴar kyanwa da yake ɗauka yana wasa da ita.

6. Hanyoyi uku

Mai tafiya yana da hanyoyi uku.

Hanya ta farko: a bar ta hannun wanda ya rage a gida. A Tamale akwai manyan gidaje masu ɗakuna kewaye da tsakar gida ɗaya, iyalai da yawa a ciki. Da wuya kowa ya tafi rana guda. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Amma a yi hattara. In aka ce "mutanen gida za su duba ta", to ba wanda zai duba. Wannan zai zaci waccan ta ba ta, waccan ta zaci wannan ya ba ta. A zaɓi mutum ɗaya, a kira sunansa, a damƙa masa.

Hanya ta biyu: a roƙi maƙwabci ko ɗan'uwa ya riƙa zuwa. Ya zo sau biyu a rana, safe da yamma. In bai samu dama ba, kada ya kasa sau ɗaya kowace rana.

Hanya ta uku: a kai ta gidan wani. Ba a bin wannan hanya sai in babu yadda za a yi, ko in kyanwar ba ta da lafiya tana bukatar ido a kanta. Ba a ɗaukar ta a hannu bisa babur, don za ta yi yakushi ta dire. Ba a sa ta cikin buhun leda, don numfashinta zai ɗauke. A sa ta cikin kwali mai ƙarfi ko kwando mai murfi, a yi ƙofofin shan iska. A haɗa da tsumman da take kwanciya a kai, kada a wanke shi, don ƙamshinta yana jiki. In an isa, a ajiye ta a ɗaki ɗaya mai iska, da ruwa da abinci da kaskon yashi. Kada a bar ta ta fita waje, domin ba ta san unguwar ba.

Wa ya kamata a zaɓa? Mutum mai alkawari, wanda ba ya tsoron kyanwa, wanda kyanwar ta san shi. Yaro yana iya yin aikin, amma sai da sanin iyayensa, kuma babba ya riƙa bin sawu.

7. Yadda ake roƙo

Ba ranar tafiya ake neman mai kula ba. A je da mako guda a gaba. Mu ɗauka wata yarinya ce a Zangon Tamale, uwarta ta aike ta wajen tsohuwar da ke maƙwabtaka da su. Ga yadda maganarsu za ta kasance.

"Salamu alaikum. Ina kwana, Hajiya?"

"Lafiya lau, ƴata. Yaya mutan gidan?"

"Suna gaishe ku. Inna ce ta aiko ni. Ran Asabar mai zuwa za mu tafi Kumasi, sai bayan mako uku za mu dawo. Ta ce don Allah ko za ku taimaka mana da duba kyanwarmu."

"Farar nan mai baƙin wutsiya? Ai ni da ita mun saba. Me take ci?"

"Baba ya sayo busasshen kifi mudu biyu. Gobe zan kawo muku. Ana marmasa shi a cuɗa da ɗan tuwo ko shinkafa, safe da yamma. Amma ban da miya."

"To. In kuma ta ƙi ci fa?"

"Ga takarda, Hajiya. Yayana ya rubuta lambar wayar Baba da ta likitan dabbobi. Inna ta ce za ta shigo da kanta da daddare ta kawo mabuɗin zaure."

"Madalla. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya."

"Amin, Hajiya. Mun gode."

Ku lura da abin da yarinyar nan ta yi. Ta faɗi ranar tafiya da ranar dawowa. Ba ta ɗora wa Hajiya nauyin sayen abinci ba. Ta faɗi abin da ake bayarwa da abin da ba a bayarwa. Ta bar hanyar da za a same su.

Saura abu ɗaya. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, Hajiya ta riƙa shigowa tana zuba abincin da hannunta. Da haka kyanwa za ta gane wannan mutuniyar arziki ce.

8. Abinci da ruwa

Kyanwa dabba ce mai cin nama. Jikinta yana bukatar wasu abubuwan gina jiki da ba a samu sai a nama da kifi. In aka daɗe ana ba ta tuwo zalla, sai ta rame, idonta da zuciyarta su yi rauni. Tuwo da shinkafa cikon ciki ne kawai. Abincinta na gaskiya shi ne kifi da nama da dafaffen ƙwai. Akwai kuma abincin kyanwa na kanti, busasshe, ga mai hali. Shi yana daɗewa bai lalace ba.

A zuba daidai abin da za ta cinye. Abinci mai danshi yana saurin lalacewa da zafi, ga ƙuda, ga tururuwa. Dabara ita ce a ɗora kwanon abincin cikin faranti mai ɗan ruwa, tururuwa ba za ta tsallaka ba.

Ga abubuwan da ba a ba kyanwa:

- Albasa da tafarnuwa. Suna lalata jininta, ko ɗanye ko dafaffe. Shi ya sa ba a ba ta miya.
- Dafaffen ƙashin kaza da manyan ƙayoyin kifi. Suna maƙalewa a maƙogwaro ko su huda hanji.
- Kifi mai gishiri da yawa. A jiƙa shi a ruwa tukuna.
- Madara mai yawa. Kyanwa tana son ta, amma manya da yawa cikinsu ba ya narka ta, sai ta sa su zawo.
- Maganin mutane, musamman farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe kyanwa.

Game da ruwa, kyanwa tana bukatar kusan mililita 50 a kan kowane kilo na nauyinta a yini. Mai kilo 4 ke nan tana bukatar mililita 200, wato kusan kofi guda. Wani ɓangare tana samu daga abinci, sauran sai ta sha. A ajiye mata ruwa wuri biyu, duka a inuwa, don in ɗaya ya kife, ɗaya yana nan. Kaskon ƙasa ya fi kwanon roba, domin yana da nauyi, yana kuma sanyaya ruwa. A sake ruwan kullum, a wanke kaskon.

9. Gyara gida kafin a fita

Ranar tafiya, babba ɗaya ya zaga gidan da idon basira.

A duba kowane ɗaki kafin a kulle. Kyanwa tana barci awa 12 zuwa 16 a yini, kuma tana son lungu: ƙarƙashin gado, bayan buhu, cikin akwati. Kada a sa kwado sai an ga kyanwar da ido a waje.

A bar mata wurin fakewa daga rana da ruwan sama, kamar zaure ko rumfa. A ajiye kwali da tsummanta a can.

A rufe rijiya da randa da duro. Kyanwa mai jin ƙishirwa tana leƙawa ta faɗa.

A kwashe maganin ɓera. Wasu suna zuba shi za su yi tafiya, don su tsare hatsi. Kyanwa tana iya cin maganin, ko ta ci ɓeran da ya ci shi, ita ma ta mutu. A gaya wa maƙwabta su ma su yi hankali. Haka nan maganin ƙwari na feshi da maganin kaska na karnuka da shanu, wasunsu guba ne ga kyanwa.

In kyanwar ba ta fita waje, a tanadar mata kasko mai faɗi da yashi, nesa da abincinta. A kwashe kashin kullum da ƴar shebur, a binne, a wanke hannu da sabulu. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, domin kashin kyanwa yakan ɗauki wata ƙwayar cuta mai cutar da ɗan da ke ciki.

10. Idon mai kula

Aikin mai kula ba zuba abinci kaɗai ba ne. Kowace rana ya tabbata ya ga kyanwar. A kwanakin farko tana iya ɓuya. Kada a bi ta da gudu, kada a jawo ta da ƙarfi. A zauna shiru, a kira ta da muryar da ta saba ji. In ta fito, a miƙa mata hannu ta sansana tukuna.

Ga alamomin da suke nuna akwai matsala: ta yi kwana guda cur ba ta taɓa abinci ba, tana amai ko zawo a kai a kai, tana ɗingishi ko ta kumbura, tana numfashi baki buɗe, muzuru yana ta tsugunno fitsari ba ya fita. Wannan na ƙarshe ba ya jiran gobe. In an ga ɗaya daga cikinsu, a kira masu kyanwa, a nemi likitan dabbobi. A Tamale akwai ma'aikatan gwamnati masu kula da lafiyar dabbobi. A Pong-Tamale, kimanin kilomita 30 arewa da birnin, akwai makarantar da ake koyar da wannan aiki.

Rigakafi ya fi magani. Kyanwa ma tana kamuwa da ciwon haukan kare, tana kuma iya sa wa mutum. Ciwo ne da in ya bayyana ba a warkewa. Saboda haka a yi mata allurar rigakafi tun kafin tafiya, don a kare ta, a kare mai kula da ita. Kowace shekara, ranar 28 ga Satumba, duniya tana tunawa da yaƙi da wannan ciwo. In kyanwa ko kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, sannan a tafi asibiti a ranar. Yaro kada ya ɓoye cizo don tsoron faɗa.

11. Mai ciki da mai jego

Kyanwa tana ɗaukar ciki kusan mako 9. Idan taku tana da ciki, ku ƙidaya. Mai yiwuwa ta haihu ba ku nan. A gaya wa mai kula, a ajiye kwali da tsumma a lungu mai duhu, a ƙara mata abinci, domin mai shayarwa tana ci fiye da kullum.

Ana haihuwar ƴaƴan kyanwa ido rufe. Sai bayan kwana 7 zuwa 10 suke buɗewa. Kada yara su dame su da ɗauka, don uwar takan kwashe su ta sake wuri. Kada kuma a raba su da ita sai sun kai mako 8.

12. Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Faransa da Ingila akwai gidaje na musamman da ake kai kyanwa a biya kuɗi, a kula da ita har mai ita ya dawo. Akwai kuma mutanen da sana'arsu ke nan, su bi gida gida suna ba dabbobi abinci. Duk da haka, a Faransa, lokacin babban hutu wasu sukan yar da dabbobinsu a hanya su wuce. Dokar ƙasar tana hukunta mai yin haka. Wata ƙungiya mai suna SPA, wadda aka kafa a birnin Paris a shekarar 1845, tana tattara irin waɗannan dabbobi tana nema musu sabon gida.

A Zangon Tamale, kamar a Maraɗi ko Katsina, abin da aka fi dogara da shi shi ne maƙwabci. Wannan arziki ne babba. Amma maƙwabtaka ba ta tsayawa da ƙafa ɗaya. Wanda ya duba maka kyanwa bana, kai za ka duba masa kaji baɗi.

13. Ranar dawowa

An dawo. Kada ku yi mamaki in kyanwa ta tsaya nesa tana kallonku. Kun zo da ƙamshin wani gari. Ku ba ta lokaci. Kafin dare za ta zo tana goga kumatu a ƙafafunku.

Ku duba jikinta. Ta rame? Akwai rauni, ko ƙuma, ko kaska? Sannan ku tafi gidan mai kula, ku yi godiya, ku kai tsaraba, ku biya abin da ya kashe daga aljihunsa. In wani abu ya sami kyanwar alhali ya yi iyakar ƙoƙarinsa, kada a ɗora masa laifi.

Autan da ya yi tambaya cikin mota ya yi tambaya mai kyau, sai dai ya makara. Ku taku tambayar, ku yi ta tun ana shirin ɗaure kaya.

Mu riƙe

Kyanwa ta fi son gidanta. Ɓera kaɗai ba ya isarta, kuma tana bukatar ruwa kullum. Kafin tafiya, a damƙa ta ga mutum ɗaya, a bar masa abinci da bayani. Ba a kulle ta a ɗaki a tafi.

Kalmomi

Amana: abin da aka damƙa wa mutum ya tsare.
Fatake: ƴan kasuwa masu tafiya mai nisa cikin ayari.
Zango: wurin da matafiya suke sauka.
Muzuru: namijin kyanwa.
Rigakafi: tsare kai daga cuta tun ba ta zo ba.
Tsaraba: kyautar da matafiyi yake kawowa.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa Tamale take? Me ya kai Hausawa can?
2. Me ya sa kyanwa take goga kumatunta a jikin ƙofa?
3. Kawo dalili uku da suka sa ɓera kaɗai ba ya isar kyanwa.
4. Me ya sa ba a ba kyanwa miya?
5. Waɗanne abubuwa yarinyar ta gaya wa Hajiya?
6. Me za ka yi in kyanwa ta ciji ƙanenka?

Lissafi

1. Ana ba kyanwa abinci sau 2 a rana. Sau nawa Hajiya za ta ba ta cikin mako 3?
2. Kyanwa mai kilo 3, mililita nawa na ruwa take bukata a yini? Nawa ke nan cikin kwana 10?

Aiki

Ka ɗauka gidanku za ku yi tafiyar kwana 10. Rubuta takardar da za ka bar wa mai kula da kyanwarku ko wata dabbar gidanku. Ka sa ranar tafiya, da ranar dawowa, da abincinta, da abin da ba a ba ta, da wanda za a nema in ta kamu da ciwo. Karanta wa ƴan ajinku, su gaya maka abin da ka manta.